Harkar Fim Ba Mafakar Waɗanda Lissafi Ya Kora Ba Ce

Kwanakin baya na ji wata hira a rediyo da wani matashin darakta. Mai gabatar da shirin ta tambaye shi yadda aka yi ya tsinci kansa a harkar fim. Sai ya yi dariya ya ce shi tun yana sakandare ba sa ga maciji da lissafi, shi ya sa ya tsere daga ajin kimiyya, daga nan kuma Allah Ya jefa shi lokeshan. Ita ma ta taya shi dariya, ta ce ai duk masu fasaha haka suke.

Ba yaron ne ya dame ni ba, maganar ce. Mun saba jin ta daga bakin iyaye, da malaman makaranta, har da 'yan fim ɗin kansu: wai ƙwaƙwalwa iri biyu ce, ta lissafi da ta fasaha, wanda aka ba ɗaya an hana shi ɗayar. A ganina wannan magana ba gaskiya ba ce, kuma tana jawo mana asara. Wanda ya gudu daga lissafi ya shiga fim, gudun gara ya yi ya faɗa gidan zago. Da yawa daga cikin abubuwan da muke kushewa a fina-finan Hausa, hoton da ke rawa, fuskar da ta dushe, bakin da ba ya tafiya daidai da waƙa, fitowar da aka ɗauka a gurguje, ba rashin kuɗi ne ya haife su ba, ba kuma rashin baiwa ba. Lissafi ne aka ƙi yi, kuma mafi yawansa bai wuce na ɗan ƙaramar sakandare ba.

Fitilar da ke ƙyafta ido

Duk mai kallon fina-finanmu ya taɓa ganin wannan. Ana zaune a falo, Alhaji yana yi wa ɗansa faɗa, sai ka ga wasu ratsi-ratsi masu duhu suna gangarowa a kan hoton, ko hasken ɗakin yana ɗan ƙyaftawa. Sai a ce kyamarar ce ba ta da kyau. Sau da yawa kuwa lafiyarta ƙalau.

Wutar lantarkin Najeriya da ta Nijar tana juyawa sau 50 a cikin sakan ɗaya. Saboda haka doguwar fitilar nan ta ofis, da ƙananan ƙwayaye masu araha da suka cika kasuwa, suna haskawa su dushe sau 100 a sakan, sai dai ido ba ya kamawa. Ita kuma kyamara ba motsi take ɗauka ba, hotuna take ɗauka ɗaya bayan ɗaya. In ka saita ta a kan hoto 25 a sakan, 100 a raba 25 ya ba ka 4 cif, kowane hoto ya sami rabo daidai da na ɗan'uwansa. In ka bar ta a kan 30, saitin da yawancin wayoyi ke zuwa da shi, wanda ya dace da Amurka inda wuta ke juyawa sau 60, to 100 ba ya rabuwa 30 ba tare da ragowa ba. Wani hoton ya sha haske, wani ya sami kaɗan. Haka ma tsawon lokacin da ake buɗe wa haske ƙofa: kashi ɗaya cikin 50 na sakan yana kama bugun haske biyu cur, kashi ɗaya cikin 60 kuwa yana kama ɗaya da ɗoriya, daga nan ratsin ke fitowa.

Gyaran ba ya cin ko sisi. Danna maɓalli ne. Amma sai wanda ya san dalili zai danna, kuma shi ne zai gane cewa in janareto ake ja, wanda ba kasafai yake riƙe 50 ɗin daidai ba, gara a koma kan fitilar batir tun kafin a ɓata yini.

Farar shadda da fuskar da ta ɓace

Ga wani kuma da ya fi ba ni haushi. Jarumi ya sha farar shadda, an tsayar da shi a ranar Kano ta ƙarfe ɗaya, sai ka ga rigar tana ƙyalli amma fuskarsa ta koma inuwa, haƙora da fararen idanu kawai kake gani. Na'urar auna haske da ke cikin kyamara an gina ta ne a kan ta mayar da matsakaicin abin da ta gani ya zama ruwan toka, wanda ke mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. Da ta ga fari ya cika hoto sai ta ɗauka haske ya yi yawa, ta rage. Rigar ta daidaita, fuskar baƙin mutum ta nutse. Mai ɗaukar hoton da ya san haka zai auna fuskar ne, ba rigar ba, ko ya sa wa jarumin shadda mai ɗan duhu, ko ya jira la'asar.

A cikin ɗaki kuma dokar nisa ce ke aiki. In ka ninka nisan fitila sau biyu, hasken ba rabi yake komawa ba, rubu'i yake komawa. Ka ajiye fitila mita ɗaya daga uwar miji, amarya kuma tana durƙushe a mita biyu: amarya kashi ɗaya cikin huɗu kawai take samu na hasken da uwar mijin ke samu, shi ya sa ɗaya take walƙiya ɗayar tana cikin duhu. Ja fitilar baya, ta zama mita huɗu daga ɗaya, biyar daga ɗayar. Yanzu lissafin 16 ne a kan 25, wato amarya na samun kusan kashi biyu cikin uku. Fitilar ba ta canja ba, ɗakin bai canja ba.

Abin da ke burge ni a nan shi ne, wanda ya san dokar yana iya amfani da ita ya ba da labari. In yana son mai kallo ya ji a jikinsa cewa amaryar nan ba ta da murya a gidan, sai ya matso da fitilar da gangan, ya bar ta a duhu. Hoton iri ɗaya ne da na wancan da ya yi kuskure, amma wannan ya zaɓa, kuma gobe zai iya maimaitawa.

"Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima"

Wannan ita ce hujjar farko da za a kawo min, kuma ba ta banza ba ce. Za a ce tun daga 1990 da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano, mutanen da suka gina masana'antar nan ba da alƙalamin lissafi suka gina ta ba, da ido da kunne da sanin halin Bahaushe suka gina ta. Gaskiya ne. Akwai masu ɗaukar hoto da ba su taɓa jin sunan wata doka ba amma hotonsu na fita tsaf.

Sai dai idon nan da ya san kima lissafi yake yi, bai dai rubuta ba. Dubi rubutacciyar waƙa. Marubuta irin su Aƙilu Aliyu da Mu'azu Haɗeja suna jera gaɓa mai nauyi da marar nauyi a kan tsari, baiti bayan baiti, har in gaɓa ɗaya ta yi yawa kunnen mai sauraro ya ji tuntuɓe. Wannan awon shi ne Khalil bin Ahmad, malamin Basra, ya zauna ya tsara wa waƙar Larabawa a cikin da'irori tun ƙarni na 8. Kafin Khalil akwai mawaƙa, kuma sanin aruli, wato ilimin awon waƙa, bai taɓa mayar da kowa mawaƙi ba. Amma mai baiwar da ya san awo yana gane inda baitinsa ya karye nan take, kuma yana iya koya wa almajirinsa a wata ɗaya abin da shi ya sha shekaru yana laluba.

Matsalarmu ke nan. Gwaninta tana nan, amma ba ta gaduwa, domin mai ita bai iya faɗin dalili ba. Yaro zai yi shekaru yana ɗaukar wa ubangidansa jakar kyamara, abin da zai ji kawai shi ne "matso da ita nan", "a'a, ba ta can ba". Me ya sa ba ta can ba? Saboda in mutum biyu na magana, akwai layin da ba a gani da ya haɗa su, kuma dole kyamara ta tsaya a ɓangare ɗaya na layin, cikin rabin da'ira, digiri 180. In ka tsallaka, wanda ke kallon dama zai koma kallon hagu, sai ya zama kamar dukansu bango ɗaya suke yi wa magana. Bayani ne na minti biyar da takarda da biro. Sau nawa muka ga an tsallaka layin nan a fina-finai masu dogon zango da ake kashe wa miliyoyi?

"Ai na'ura ta riga ta yi lissafin"

Ta yi, kuma ta yi mai yawa. Hoto ɗaya mai ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye ya haura ɗigo miliyan biyu. In aka adana shi yadda yake, ya kai megabait shida. Ninka da 25 a kowane sakan, sannan da sakan 3,600, sai ka ga fim na awa ɗaya ya doshi gigabait 560. Amma ka je wajen masu tura fina-finai a waya a bakin kasuwa, za a zuba maka fim goma a ɗan ƙaramin katin da bai kai farce ba. Abin da ya sa hakan ya yiwu wata dabarar lissafi ce da Nasir Ahmed, ɗan asalin Indiya da ke koyarwa a Amurka a lokacin, ya fito da ita tare da abokan aikinsa a 1974. Dabarar tana rarraba hoto zuwa zubin da ido ke lura da shi da wanda ba ya lura, sai a zubar da na biyun. Kasuwar fim ta waya gaba ɗayanta a kan lissafin mutumin nan take zaune.

To amma na'ura ba ta san abin da kake nufi ba. Ita ce fa ta dusar da fuskar mai farar shadda, kuma a wajenta daidai ta yi.

Ɗauki tallan fim da ake yankawa don TikTok. An ɗauki fim a kwance, 16 a kan 9, za a mayar da shi tsaye, 9 a kan 16. In ka riƙe tsayin hoton yadda yake, faɗin da zai rage maka bai kai kashi ɗaya cikin uku ba. Fiye da kashi biyu cikin uku sun tafi. Shi ya sa kake ganin talla an yanke wa jaruma rabin fuska, wanda take yi wa kuka kuma babu shi sam. Daraktan da ya yi lissafin tun a lokeshan zai ɗauki muhimman fitowa biyu ko uku da mutanensa a tsakiyar hoto, ya huta.

Ko waƙa. An ɗauki rawa a hoto 24 a sakan, mai tacewa ya sa ta gudu a kan 25 ba tare da ya taɓa sautin ba. Bambancin ɗaya cikin 24 ne, kimanin kashi huɗu cikin 100, kamar ba komai ba. Amma a waƙar minti biyar, kafin a kai ƙarshe baki ya riga sauti da sakan 12. Sai edita ya kwana yana yanka yana liƙawa, yana tsine wa kwamfuta.

"Kuɗi ne matsalarmu, ba lissafi ba"

Ba na musun talaucin masana'antar. Satar fasaha ta kashe kasuwar faifai, gidajen kallo sun yi ƙaranci a Arewa, furodusa na cin bashi ya yi fim. Amma wanda kuɗinsa ya yi kaɗan shi ya fi kowa bukatar ya iya ƙidaya.

Masu rubutun fim suna da ƙiyasin da suka daɗe suna aiki da shi: shafi ɗaya, in an rubuta shi a tsarin da aka saba, kimanin minti ɗaya ne a allo. A ce furodusa na da labari mai shafi 90 da kuɗin kwana shida. Shafi 15 ke nan a yini. In kowane shafi na bukatar a kafa kyamara a wuri uku kawai, an kafa sau 45. In aka yi aikin awa goma ba hutu, kowace kafawa minti 13 take da shi, a ciki za a ja fitila, a gyara kwalliya, a maimaita magana, a jira mai babur ya wuce. Ba a cire lokacin salla da na abinci ba, ba a cire jarumin da zai iso da azahar daga wani lokeshan ɗin ba. Wannan ba tsarin aiki ba ne, addu'a ce. Abin da zai faru an san shi: a kwana na huɗu za a kafa kyamara wuri ɗaya, a zaunar da mutane a kan kujera su yi ta magana, domin babu lokacin wani abu kuma.

Da an yi rabawar nan a kan takarda kafin a tashi, da an ga zaɓin da ke akwai: a rage labarin zuwa shafi 60, ko a haɗa fitowar da ke gida ɗaya a yini ɗaya, ko a cire ɗaurin auren da zai ci yini guda da mutum ɗari. Kowane ɗaya daga ciki hukunci ne na fasaha, domin yana canja labarin da za a gani. Lissafin bai yanke hukuncin ba, ya dai tilasta a yanke shi da sanyin safiya maimakon a yanke shi da magariba rana na faɗuwa.

"Wannan ilimin Turawa ne"

Ba zan daɗe a nan ba. Wanda ya fara bayani mai gamsarwa a kan yadda haske ke tafiya a miƙe, ya ratsa ƙaramar huda ya zana hoto a kife a bangon ɗaki mai duhu, Ibn al-Haisam ne, a littafinsa Kitab al-Manazir da ya rubuta a Alƙahira shekara dubu da suka wuce. A kan wannan kowace kyamara take. A nan gida kuma, Muhammad bin Muhammad al-Fulani al-Kashinawi, malamin Katsina da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta littafi a 1732 a kan yadda ake tsara lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, kuma masu tarihin lissafi na ambatonsa har yau.

Turawan ma da muke gani ba su raba abin biyu ba. Ed Catmull, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa kamfanin Pixar da ya fitar da dogon fim na farko da aka zana gaba ɗaya da kwamfuta a 1995, digirinsa na uku a kimiyyar kwamfuta yake, kuma akwai dabarar lissafi ta sassaƙa sura mai santsi da ke ɗauke da sunansa tun 1978. Sergei Eisenstein na Rasha, wanda har yau ake karanta dabarunsa na haɗa hoto a makarantun fim, aikin injiniya ya fara karantawa. Mu ma a Jami'ar Bayero muna da Farfesa Abdalla Uba Adamu, wanda ya fara zama farfesa a fannin koyar da kimiyya kafin ya sake zama farfesa a fannin sadarwa da al'adu, kuma da wuya a yi maganar nazarin fim ɗin Hausa ba a kira sunansa ba.

Inda masu suka suke da gaskiya

Akwai tsoron da na yarda da shi. Mutum na iya haddace dokoki ya zama bawansu, ya riƙa raba kowane hoto gida uku, ya sa rikici a daidai minti kaza saboda wani littafi ya ce haka, ya fitar da fim mai tsafta wanda ba ya taɓa zuciyar kowa. Irin waɗannan sun cika duniya.

Walter Murch, gwanin tace fim na Amurka da ya ci kyautar Oscar sau uku, ya taɓa jera abubuwa shida da yake dubawa kafin ya yanka hoto, har ya raba musu kaso. Ya ba motsin zuciya kashi 51, labari 23, karin tafiyar hoto 10, sauran ukun, waɗanda suka shafi inda idon mai kallo yake da daidaiton wuri, suka raba 16 da suka rage. Wato a wajensa, in dokar layi ta yi karo da hawayen da suka fito da gaske, a ɗauki hawayen. Na yarda da shi ɗari bisa ɗari. Amma a lura, mutumin da ke wannan magana ya san dokar ciki da bai, ya san abin da yake sadaukarwa in ya karya ta. Namu sau da yawa ba karya doka muke yi ba, faɗa mata muke yi cikin duhu.

Laifin ba na 'yan fim kaɗai ba ne

Yaron da ya tsani lissafi ba haka aka haife shi ba. An tsayar da shi gaban allo an ce ya nemo x, ba a taɓa gaya masa x ɗin na mene ne ba, in ya kasa a zane shi. Alhali a aljihunsa, ko a aljihun yayansa, akwai waya mai kyamara. Malamin da zai kashe fitilar aji, ya kunna tocila, ya sa yara su auna haske a taku ɗaya da taku biyu, ya koyar da darasin murabba'i da ba za a manta ba. Wanda zai ba su labari mai shafi 20 ya ce su tsara kwanakin ɗauka da kuɗin mota da na abinci, ya koyar da rabawa da kaso. Su kuma masu horar da 'yan fim, daga Cibiyar Koyon Fim ta Ƙasa da ke Jos har zuwa bitocin kwana uku da ƙungiyoyi ke shiryawa a Kano da Kaduna, ina ganin bai kamata a miƙa wa kowa takardar shaida ba sai ya iya bayanin abin da ya sa fitila ke ƙyaftawa.

Kada kuma a ce min 'yan fim ba su iya lissafi ba, domin akwai wanda suka ƙware a kai. Tambayi kowane mai tashar YouTube, zai gaya maka ba tare da duba takarda ba cewa sai ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo kafin a fara raba kuɗin talla da shi, kuma bidiyo sai ya kai minti takwas kafin a iya cusa masa talla a tsakiya. Ya san minti nawa mai kallo ke yi kafin ya gudu, ya san ranar da ta fi kawo mutane. Wannan lissafin ne ya sa labarin da zai ƙare a kashi goma ake jan sa zuwa zango na biyar, a nuna mana mota tana fita daga gida, mai gadi na rufe ƙofa, motar tana kan titi, tana shiga wani gidan, wani mai gadin na buɗewa, mutum ya fito ya yi sallama, a gaisa har a tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, duk kafin a faɗi abin da ya kawo shi.